Hotunan Wayar Telan Iska

Ranar da ya fara shiga shagon yadin mahaifinta, ko kallon yadi bai yi ba. Gwiwar hannunta ya zuba wa ido, har ta tsargu.

"Malam, lafiya? Kaya na can kan kanta."

"Don Allah kada ki motsa," ya ce. "Kin ga yadda haske ya kwanta a ninkin rigarki, inuwa ta shige ƙarƙashi? Na daɗe ina neman wannan."

Ta ɗauka sabon salon tsara 'yan mata ne. Ashe sana'arsa ce. Tufafi yake zana wa mutanen cikin wasannin kwamfuta, kuma a cewarsa, rigar da ba ta da inuwa a ninki da 'yar tattara a bakin ɗinki, kamar kwali take fitowa. Ya fita da hoton hannun riga, ya haɗa da lambarta. Ita kuwa ta raɗa masa Telan Iska.

Kafin a ankara, soyayya ta yi nisa.

"Hasken idona, yau na gama kafaɗar wata riga. Na sa zaren ya ɗan lotsa, gefen ɗinkin ya yi duhu. Sai ki rantse za ki iya taɓawa. Ke nake so ki fara gani."

"Telan Iska, wasu na turo wa 'yan matansu kalamai, kai kana turo min kafaɗa. Amma ta yi kyau. Na yi kewarka."

Ana shirin ya turo manyansa gilashin wayarsa ya fashe. Bawan Allah ya rasa wanda zai kai wa sai mai gyaran waya na kusa da shagon, wanda ya daɗe yana sonta tana share shi. Gogan naka ya buɗe hotuna, ya tsinto na kayan mata zalla, hannun riga, gefen siket, bakin mayafi, ya garzaya wurin Baba.

Baba ya dawo gida a fusace.

"Dama ina shakkar mai ɗinka rigar da ba a sawa. Ashe har mata yake bi da kyamara. Maganar auren nan ta mutu."

Ta yi kuka sosai, don kishi ya kama ta, ga tsoron rasa shi. Ta tura masa: "Ashe kowace mace ka gani sai ta tsaya maka?"

Ya amsa: "Ki roƙar min Baba. Zan kawo wayar da kaina, ya duba duka, kada ya tsallake ko ɗaya."

Washegari da hantsi ya durƙusa a falo. Baba ya saƙala tabarau, Mama na gefensa, ita kuma ta laɓe bayan labule.

"Wannan fa?"

"Siket ɗin ƙanwata ne, Baba. Ba na ɗaukar na kowa sai na tambaya."

Baba ya ci gaba da jan hotunan. Labulen asibiti, wandon direba, aljihun ɗan sanda. Can ya tsaya, ya yamutsa fuska.

"Wannan hammatar ta wane ƙazami ce?"

Mama ta leƙa. "Taka ce mana. Ga facin da na yi maka."

"Kai ka ce min a shago in ɗauka idan ba ni da aikin yi, Baba," in ji Telan Iska, kansa a ƙasa. "Ban taɓa ganin facin da ya kwanta haka ba."

Mama ta yi dariya har da hawaye. Baba ya daure, ya ja har ƙarshe. Duk tarin hotunan nan babu fuskar kowa, sai guda ɗaya: 'yarsa a bakin kanta, tana dariya.

Ya cire tabarau ya dubi labule.

"Fito, tun ɗazu nake ganin ƙafarki. Kai kuma ka turo manyanka."

Ranar aure gida ya cika da kaya masu sheƙi, ango sai raba ido yake, hannunsa na zuwa aljihu. Baba ya miƙo tafin hannu.

"Kawo wayar nan. Yau matarka za ka kalla."

Ya miƙa yana dariya, ya juya gare ta, bai sake ganin rigar kowa ba. Baba ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare har tsufa."