Ƙwayar da Za a Cire

"Ƙwaya? Ƙwayar idon uwar tamu za a cire?"

Yaya ce ta miƙe zumbur daga kan kujera, har ɗankwalinta ya zame. Amarya fa abin da likita ya faɗa mata a asibitin ido kawai ta maimaita, don lokacin da yake bayanin mijinta Auta ya fita amsa waya.

"Yaya, ba duka idon ba," in ji Amarya. "Wata 'yar ƙwaya ce a ciki da yanar ido ta rufe. Ita za a cire a sa ta roba, aikin ma bai kai rabin awa..."

"Ta roba! Kun ji ko? Idon 'yar tsana za a dasa wa Mama! Auta, kana zaune matarka za ta ƙwaƙule wa uwarka ido?"

"Haba Yaya, plis ki bari ta gama mana," in ji Auta.

Mama tana zaune a tabarma a tsakar gida, idanunta biyu fari fat, goshinta da kumburin faɗuwar da ta yi a ƙofar banɗaki. Shekara biyu ke nan da auren, amma ba ta taɓa ganin fuskar surukarta ba, ba ta kuma taɓa son ta ba, don ba ita ta zaɓa wa autanta ba. Tun satin farko ta kafa doka: kar ta ƙara jin muryar yarinyar nan a ɗakinta.

Amarya ta bi dokar. Kullum da safe sai ta shiga shiru da ruwan ɗumi, ta wanke wa Mama ƙafa, ta yanke mata farce, ta taje mata kai. Mama kuwa sai ta yi ta sa wa Yaya albarka, wai 'yarta ba ta magana da safe sai ta sha shayi. Ita ko Yaya, wadda ba ta tashi sai rana ta take, ta karɓe albarkar nan tas, ko kunya babu!

Mama ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Zan je, don na gaji da laluben bango. Amma Auta, ka ji da kyau. In idona ya tafi, aurenku ya tafi tare da shi. Ka amsa mini."

Amarya ta zuba wa mijinta ido. Kalma ɗaya take jira. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Mama."

Wannan "to" ɗin ya fi duk zagin Yaya ciwo. Ta shige ɗaki ta kifa kai a katifa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Auta ya biyo ta, ya durƙusa.

"Sori, masoyiya. Uwata ce, ya zan yi?"

"Ni fa? Idan aka samu matsala, ina zan sa kaina? Wallahi don ta ga fuskarka na dage, ba don komai ba."

Ya riƙe hannunta, mai tabon ƙunar ruwan zafi a bayansa, shi ma hawayen ne ya zubo masa.

Ranar aiki suka zauna a dogon bencin ƙofar tiyata. Nas ta ɗiga wa Mama magani a idon dama, ta sa mata hula da riga, ta ce ido ɗaya ake yi tukuna, ɗayan sai wannan ya warke. Ba za a sa ta barci ba, idon kawai za a sa wa maganin kashe zafi, haske za ta riƙa gani da motsi, ba zafi.

"A farke za a yanka ta!" in ji Yaya, ta ɗora hannu a ka.

Aka tura Mama ciki. Yaya ta shimfiɗa tabarma, ta jera filas da kofuna, don ita a saninta tiyata wuni ake yi. Amarya kuwa ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo, ta sake komawa, bakinta na ta motsi da addu'a. Idan hannun likita ya goce fa? Idan Mama ta yi tari ana tsakar aiki fa?

Shayin Yaya bai ko huce ba ƙofa ta buɗe. Ga Mama a keken marasa lafiya, ido ɗaure da bandeji da wani murfi a kai.

Yaya ta ƙwalla ihu. "Shi ke nan! Sun ɓata idon sun koro ta! Wane irin aiki ne za a gama kafin a sha kofi ɗaya? Auta, cika alkawarinka yanzun nan!"

Amarya ta zube a ƙasa. Ita da ta san aikin ba ya daɗewa, ihun ya sa ta manta komai.

"Baiwar Allah, nan asibiti ne!" Nas ta daka wa Yaya tsawa. "An yi an gama lafiya lau. Ku tafi gida, gobe ku dawo a buɗe. Kar ta murza, kar ruwa ya shiga, kar ta sunkuya, kwalli ma a ajiye shi tukuna."

Auta ya ɗago matarsa. "Ba na sakin kowa, Yaya," in ji shi. "Ko gobe me aka gani, zan ba Mama haƙuri har ƙarshen raina, amma matata tana nan."

Washegari likita ya ɓare bandejin a hankali. Idon ya yi ja, yana ta hawaye.

"Hazo nake gani," in ji Mama.

Yaya ta harari Amarya. Likita ya ce haka yake da farko, zai yi ta washewa cikin kwanaki in ana ɗiga magani a kan lokaci. Mama ta yi ta ƙiftawa. Can sai ta ce, "Auta? Kai ne ka yi wannan uban gemu?"

Auta ya fashe da dariya da kuka lokaci guda. Mama ta taɓa idonta ta gefe, ta ji ƙwayarta na nan daram. Ta juya ta kamo hannun Yaya.

"Zo, 'yar albarka, in ga hannun da ke wanke mini ƙafa."

Ta shafa bayansa, sumul. Ta juya ɗayan, sumul, ga zaƙo-zaƙon farce. Ta ɗaure fuska.

"Ina tabon? Kullum da safe ina jin tabon ƙuna a nan."

Yaya ta shiga kame-kame. Amarya na can jikin bango, ta ɓoye hannu a mayafi. Auta ya jawo ta, ya ɗora hannun a tafin Mama. Tsohuwa ta shafa sau ɗaya, ta rufe ido ta sake shafawa, sannan ta ɗago ta kalli fuskar da ba ta taɓa gani ba.

"Ke ce? Duk tsawon nan ke ce?"

Amarya ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ko a nan asibiti, dokar ba ta bar ta ta buɗe baki ba.

"Yi magana, 'yata," in ji Mama. "Don Allah yi magana in ji."

"Kar ki yi kuka, Mama. Likita ya ce kar ki murza idon."

Yaya ta durƙusa tana neman gafara, Amarya ta ce ya wuce. To, 'yan mata, ku riƙe wannan: kar ku yanke wa mutum hukunci a kan kalmar da ba ku bari ya ƙarasa ba, kuma alherin da aka yi shiru ba ya ɓacewa, ko an daɗe ana gode wa wani. Da lokacin yin ido na biyu ya zo, Mama ta ce ba mai riƙe mata hannu zuwa ƙofar tiyata sai mai tabon nan.