Wanda Ya Ɗora Dogo a Kujera

Ƙarfe biyu saura kwata na rana aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa wani mai gadi ya faɗo daga hasumiyar tsaro a wata ma'ajiyar tayoyi. Kafin Sufeto da Sajensa su isa, an riga an lulluɓe gawar da tamfol.

Manajan ma'ajiyar ne ya tare su, yana ta duba agogo.

"Sufeto, tsautsayi ne kawai. Rana ce ta buge shi ya faɗo. A taimaka a ɗauke shi, ina da motoci bakwai suna jiran lodi."

"Su ci gaba da jira," in ji Sufeto.

Ya ɗaga tamfol ɗin ya duba. Mamacin bai wuce shekara arba'in ba. Abokan aikinsa suna kiransa Bebe, saboda bakinsa da nauyi. Sufeto ya zagaya gindin hasumiyar, ya tsaya a ƙofar ƙarfen da ake bi a hau matakala. A kulle take da kwaɗo, ta waje.

"Manaja, mutumin da ke can sama, ta yaya ya sauko ya kulle ƙofa ta waje, sannan ya koma ya faɗo?"

Sufeto ya umarci Saje kada kowa ya taɓa kwaɗon sai mai ɗaukar hoto ya zo.

Shugaban masu gadin yana cikin wani ɗan ofishi kusa da sito. Dogo ake ce masa, kuma watansa biyu ke nan da samun kujerar. Da Sufeto ya shiga, ko motsi bai yi ba, balle ya tashi.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Nan, a kan aikina."

"Yaushe rabonka da hawa hasumiya?"

"Tun da aka ba ni wannan rigar. Ni yanzu ina da masu hawa."

"Yaya kuke da mamacin?"

"Yadda shugaba yake da na ƙasa da shi. In kana neman mai baƙin ciki, ka je bakin get. Tsohon can shekara ashirin yana jiran kujerar nan, aka ba ni. Jiya ma sai da suka yi cacar baki da Bebe."

Sufeto ya jawo takardar rabon aiki daga jikin bango. Yau Bebe a get aka rubuta shi. An soke da jan biro, an mayar da shi hasumiya.

"Wa ya canza wannan?"

"Ni. Ko shi ma sai na nemi izinin 'yan sanda?"

Sufeto ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fita ba sallama.

Tsohon da ke bakin get ya karɓe shi da ɗaure fuska.

"Baba, ka bar wurin nan yau?"

"Ko taku ɗaya."

"Direban motar farko ya gaya wa Sajena ya yi hon ya gaji, babu mai buɗe masa."

Tsohon ya yi tsaki. "To, na zagaya bayan sito na ɗan runtsa. In Dogo ya ji, korata zai yi. Da ma hanya yake nema."

"Faɗan me kuka yi da Bebe jiya?"

"Faɗa? Ce masa na yi ya daina zama kamar rago, ana gasa shi a rana kullum yana shiru. Yallabai, yaron nan Dogo ni na koya masa riƙe kulki. Yau shi ke kirana da lamba, wai mai gadi na huɗu."

"Me ya sa aka tsallake ka aka ba shi?"

"Wata huɗu da suka wuce wani ɓarawo ya tsallako wayar shinge. Dogo shi kaɗai ya fatattake shi, ya ƙwato taya shida. Manaja ya tara mu, ya sa muka yi masa tafi. Ɓarawon kuwa har yau babu wanda ya ga ƙeyarsa."

Daga nan Sufeto ya wuce gidan mamacin. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, tsakar gidan cike da mata. Matar Bebe ta fito zaure, idanunta sun kumbura, amma muryarta a tsaye take.

"Kun zo ku rubuta tsautsayi ko? Haka kuka saba."

"Baiwar Allah, na zo in ji gaskiya ne. Yaya mijinki yake da Dogo?"

"Shekara shida suna ɗaki ɗaya kafin a kawo ni. 'Ya'yana kawu suke ce masa. Tun da aka ba shi riga mai igiya a kafaɗa, ko a hanya ya gan su sai ya kawar da kai."

Ta leƙa tsakar gida, sannan ta rage murya.

"Ranar da aka ce ɓarawo ya shiga ma'ajiya, maigidana hutu yake. Ya dawo mini da cinya a yage, irin yankan waya. Ni na wanke, ni na ɗaure. Ya ce in na gaya wa ko uwata, a bakin aurena."

"Kina nufin shi ne ɓarawon?"

"Maigidana bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Dogo ne ya roƙe shi ya shiga kamar ɓarawo don shi ya kore shi ya yi suna, ya ce in ya hau kujera zai jawo shi ya zama mataimakinsa. Da ya hau, sai ya riƙa tura maigidana hasumiya kullum, sai takardar gargaɗi har biyu. Ta uku kora ce. Yau da safe ya sa takalmi ya ce mini, ni na ɗora shi, ni zan sauke shi, yau Manaja zai ji komai."

Lokacin da Sufeto ya koma ma'ajiya, mai hoto ya gama, an buɗe kwaɗon. Ya hau matakalar shi kaɗai. A sama ya tarar da kujera a kife da gorar ruwa a ƙasa. Ya dafa ƙarfen da ya kewaye wurin don ya leƙa, ya ji tafinsa ya manne. Koren fenti ne, ɗanye. A gefe ɗaya kuma fentin ya goge, faɗin bayan mutum.

Ya sauko ya tambayi Manaja. Ashe da safen nan mai fenti ya shafe ƙarfen. Sufeto ya tuna rigar mamacin, babu ko ɗigon kore a bayanta.

Ya sa aka tara masu gadin a fili, su tara, aka kira Dogo. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, yana kaɗa makullai.

"Sufeto, ka hana mutanena aiki. Zan kai ƙararka wurin na gaba da kai."

"Ka kai. Ka ce tun da aka ba ka rigar nan ba ka hau sama ba?"

"Sau nawa zan faɗa?"

"Juya."

"Ni ba yaronka ba ne."

Saje ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Ga koren layi nan ya ratsa rigar, daidai saman bel. Sufeto ya ɗaga nasa tafin kusa da shi, kowa ya gani.

Tsohon get ya ce, "Tun azahar muke ganinsa. Babu dai wanda ya ga damar gaya masa."

Dogo ya kai hannu baya ya shafa, ya dubi yatsunsa. Makullan suka faɗi ƙasa.

"Na je gidan Bebe," in ji Sufeto. "Na san wanda ya tsallako waya. Ka faɗa da bakinka, ko in faɗa maka?"

Dogo ya dubi Manaja. Manaja ya ja da baya.

"Lallashinsa na hau yi," in ji Dogo. "Na canza shi daga get don kada ya tare Manaja. Na ce ya ba ni wata ɗaya. Ya ce ya gama ba ni komai. Ya nufi matakala, na riƙe shi, ya danna ni jikin ƙarfe. Na hankaɗe shi. Wallahi hankaɗa ɗaya ce."

"Kwaɗon fa?"

"Shekara goma sha ɗaya ina kulle ƙofofi. Hannuna ne ya kulle, ban ma sani ba." Ya ɗago ya dubi masu gadin. "Ku duk kun san abin da ake ji a tsaye a rana, motoci suna wucewa ba mai ko gaishe ka. Laifi ne don na so zama?"

Saje ya sa masa ankwa.

Sun kai bakin get ke nan tsohon ya sha gabansu, ya riƙe sakata.

"Yallabai, a yi haƙuri. Doka ce, ba mai gadin da zai fita sai an caje shi. Shi ya kafa ta."

Sufeto ya dubi tsohon, ya matsa gefe.

Tsohon ya laluba aljihunan Dogo a tsanake. Ya cire usur, ya cire jan biro, ya kwance igiyar kafaɗa, ya tuɓe masa hula, ya jera su a kan bencin gadi.

"Waɗannan na kamfani ne," ya ce. "Saura ku tafi da shi."

Ya zare sakata ya buɗe get ɗin, Saje ya tura Dogo cikin mota.