Labulen Ƙofar da Aka Toshe

Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba, mai ɗinki tana kan keke tana ƙarasa bakin labulen wata mata, sai ta ji tsakuwa ta daki madubi. Ba ta ɗaga kai ba, don ta ɗauka Auta ce, 'yarta, ke wasa da duwatsun tukunyar fure. Da ta biyu ta faɗo kusa da allura, sai ta tsayar da ƙafa ta duba. Auta na kwance da littafinta, tagogi a rufe, kuma a hawan sama suke, inda jifan yaran titi ba ya kaiwa.

Ba su daɗe da tarewa ba. Ran da mai gidan ya miƙa mata makulli ya kafa sharaɗi: ba ƙusa, ba fenti, ba siminti. Yadda ya ba da bangonsa haka zai karɓa, wanda bai yarda ba ga hanya nan. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, gyara ya faɗo a kanta. Mace ce mai dabara. Hotuna ta manna su da danƙon da ake ɓarewa bai bar tabo ba, madubi ta jingina shi, tayil ɗin da ya tsage ta rufe da darduma.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A bangon falo akwai tsohuwar ƙofa da aka toshe da bulo, aka yi mata shafen ganin dama, siffarta na nan a lotse kamar tabon ƙuna. Da gidanta ne da ta sa an shafe ta an huta. Da yake 'yar haya ce, sai ta samo sandar labule mai matsewa da kanta, ta rataya labule mai ruwan zuma har ƙasa, ta shimfiɗa 'yar tabarma a gaba, ta ajiye tukwanen fure dama da hagu. Maƙwabciyarta ta shigo ta riƙe baki, ta tambaya ɗakin wa ke nan kuma. Ta yi dariya ta ce ɗakin baƙi ne. Auta ta mai da abin wasa. In ta dawo makaranta sai ta ƙwanƙwasa bangon ta ce su shigo mana, gida nasu ne.

Daga yammacin da tsakuwar farko ta faɗo, gidan bai sake zama daidai ba. Da duhu ya fara sauka sai tsakuwa ta soma zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Hotuna su faɗo rub da ciki. Labulen ya kumbura ya koma, kamar wani ya wuce, alhali bulo ne a bayansa. Wani lokaci a ji magana ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka sauka daga tafiya suna kwance kaya. Ta faɗa wa mai gidan, ya ce bututun ruwa ne, ya kuma ja mata kunne kada ta taɓa masa bango. Ta kira mijinta, ya ce ta yi ta addu'a har ya dawo, layi ya yanke. Wurin komawa kuwa babu.

Sai Auta ta daina cin abinci. Tana zama a kan tabarmar ta zuba wa labule ido, a kira ta ba ta amsawa. Wata magariba uwar ta kama hannunta za ta tashe ta, ta ji shi da nauyi kamar dutse. Yarinyar ta juyo a hankali, ta ce da muryar tsohuwa, "Sake ni, ba ke na zo wa ba."

Maƙwabciyar ce ta je ta kawo wani dattijon malami mai ruƙiyya. Da ya shigo ya daɗe yana kallon labulen kafin ya kalli yarinyar. Ya zauna, ya soma karatu, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Auta ta yi ta murɗewa, mata biyu suka kasa riƙe ta, har muryar nan ta sake fitowa.

"Ba mu fasa gidan kowa ba, malam. Hanyarmu ce tun kafin a toshe ta. Da aka toshe muka haƙura. Sai wannan baiwar Allah ta rataya mana labule, ta yi shimfiɗa, yarinya ta ce mu shigo. Wa ake yi wa shimfiɗa ya ƙi zama?"

"Ado kawai na yi," in ji uwar, hawaye na zuba. "Muni na rufe."

Malam bai bar su sun yi musu ba. Tsohuwar ta nemi a bar musu falon, ya ƙi. Ta nemi a bar mata yarinyar tsakanin magariba da isha kaɗai, ya ƙara karatu har ta yi kuka ta roƙi sassauci. Daga ƙarshe ta ce za su koma, amma a sauke labule, a ɗauke tabarma da fure, kada a sake rufe wurin da komai, ko a jingina wani abu. Ya sa ta rantse da Wanda Ya halicce ta. Nan take aka sauke labulen, aka kwashe tabarma da fure. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa."

A kan matakala malam ya gaya wa uwar gaskiya. Alkawarin irinsu yakan riƙe, yakan kuma karye. Maganin da ya fi shi ne a shafe ƙofar da siminti har siffarta ta ɓace. Washegari ta je ta durƙusa wa mai gidan. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce shi bai ga komai ba a gidansa, kuma sharaɗi sharaɗi ne.

Ta dawo ta juya keken ɗinkinta ya fuskanci bangon. Auta ta warke, ta koma makaranta, ba ta tuna komai. Masu kawo ɗinki sukan yi wa uwar ba'a, wai mai ɗinka wa gari labule ta rasa na rufe munin ɗakinta. Da rana ta yi ja sai ta tura yarinyar uwar ɗaki, ta tsayar da keke don ta ji ko da motsi kaɗan, ta zauna tana kallon ƙofar har a idar da isha.