Dardumar da Ba-Ragi Ta Ƙi Sayarwa

Ba-Ragi ake ce mata a layin 'yan gwanjo, don ko uwarta ce ta zo sayen zane ba za ta rage mata ba. Mijinta ya rasu, kafin shekara ta zagayo 'yarta tilo ta kwanta, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Dangin miji, ga baki har kunne ga hannu a ɗaure, suka zo suka ce mata "Allah na nan," suka shanye ruwan randa suka tafi.

"Yana nan ina?" in ji ta. "Wata bakwai ina kira. Ko kurma ne ai ya waiwayo."

Ranar ta naɗe dardumar marigayin, wadda ta ƙoƙe a wurin goshi, ta jefa cikin kayan sayarwa. Ta bar salla.

Wata Talata da almuru tana kwashe kaya. Maƙwabta duk sun rufe, matsoratan banza. Layi ya yi tsit. Sai wani wari ya taso, kamar an ƙona gashi an watsa masa ruwa.

"Uwar gida, dardumar nan nake so."

Dogo ne, riga fara ƙal, hannuwa a baya. Ba ta ji takunsa ba.

"To taya mana. Ko kallo ka zo?"

"Faɗi abin da kike so."

Ta kalle shi sheƙeƙe. Shekara ashirin tana wannan sana'a. Mai saye na gaske sai ya taɓa, ya juya, ya shinshina, ya kushe. Wannan ko yatsa bai kai ba.

Ya sunkuyo. Numfashinsa sanyi kamar ƙasan rijiya.

"'Yarki," ya ce da raɗa. "Gobe ta taka da ƙafarta. Ba ma ɗauka zan yi ba. Ke dai ki jefa ta cikin kwatar can da hannunki. Ai wanda kike kira a kanta ba ya nan."

Ba ta taɓa gaya masa tana da 'ya ba.

Ta ɗaga dardumar. Baƙin ruwan kwata na tsiyaya a bakin rumfa. Taku biyu ne kawai. Ta tuna yarinyar tana jan jiki zuwa bayi.

Idonta ya faɗa kan madubin gwada kaya. Ga ta, ga rumfa, ga hanya wayam. Babu kowa a gabanta.

Amma kan 'yar kasuwa bai tsaya ba. Wa ya taɓa ba da bijimi don ya karɓi tsumma? In mai saye ya ƙi tayi, kayan sun fi abin da mai su ta sani. Kuma ɓarawo ba ya fasa ɗakin da ba komai.

Ta rungume dardumar.

"Albarka."

"Ki sake tunani."

"Na ce albarka! In ba ya nan, me ya fito da kai da farar rigar aro? Ja can, mai warin ƙauri."

Rigunan da ke rataye suka fara kumbura.

Ɗaya bayan ɗaya, kamar an shiga cikinsu. Hannuwansu suka miƙo, ba kowa ciki.

Madubi ya tsage.

Ta shimfiɗa dardumar, ta faɗa kai. Wani abu ya kama mayafinta ta baya. Ya shaƙe ta. Yana ja.

Harshe ya yi tsatsa. Ta laluba, ta laluba.

"A'uzu billahi..."

Muryar kamar ta kaza, amma ta fita. Ta sake. Ta sake, da ƙarfi.

Mayafin ya yage. Can nesa ladan ya ɗaga murya. Riguna suka saki, suka koma tsummansu.

Nan ta yi magariba da taimama, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan ba a sake ganinsa ba.

Har yau akwai baƙin layi a wuyanta, kamar ƙunar igiya. Yarinyar ba ta tashi washegari ba, ba ta tashi watan ba. Sai bana ta fara dafa bango. Da ƙanin miji ya zo yana cewa ai dama ya faɗa mata Allah na nan, ta ce, "Kai a baki ka ji. Miƙo min butata."

Maƙwabta kan jiyo ta bayan salla, hannu sama, tana ta jayayya: "Ya Ubangiji, bango ya yi kaɗan, ƙara dai." Wata ta ce mata wannan ai ciniki ne, ba addu'a ba.

Ba-Ragi ta yi tsaki.

"Ke kin taɓa ganin na yi ciniki da wanda ba ya nan?"