Manomi da Goran Wake

A can wani zamani, an yi wani manomi mai son haddar Maganar Allah. Duk ayar da ya haddace a majami'a, sai ya jefa ƙwayar wake cikin gora. Aya ɗaya, wake ɗaya, har gora ya kusa cika. Duk inda ya je sai ya girgiza shi, don a san yawan iliminsa.

Da damina ta faɗi, ya tarar da wata tsohuwa maƙwabciyarsa zaune a bakin gonarta. Ƙwari sun cinye mata iri.

Ya girgiza gora, ya karanto mata ayoyi uku a kan ƙaunar maƙwabci.

Tsohuwa ta ce, "Amin, ɗana, sun yi daɗi. To, yanzu me zan shuka?"

Manomi ya dubi gona, ya dubi gora, kunya ta kama shi. Ya sunkuya ya kama shuka. Aya ɗaya, rami ɗaya, har gora ya zama wayam.

Da kaka ta yi, tsohuwa ta kawo masa ƙwarya cike da wake, tana dariya. Ta ce, "Ga ayoyinka, ɗana. Sun haihu!"