Sunan da Ya Hana Auta Shiga Ɗakin Kaka

Akwai wani yaro ɗan aji biyar, mai kaifin baki. Yana da ƙane, Auta, mai rawar hannu. Kofi ne, madubi ne, duk abin da ya riƙe sai ya suɓuce.

Ran Lahadi a coci, malamar yara ta koya musu wasu sunaye masu nauyi.

Ta ce, "Shiyol shi ne lahira, wurin matattu. Abadon kuwa yana nufin Halaka. Wani lokaci ana maganar Halaka kamar mutum mai baki. Wani lokaci kuma sunan sarkin rami marar iyaka ne."

Yaron bai ji tsoro ba. Daɗin sunan Abadon ya ji.

Da suka koma gida, Auta ya taka masa motar gwangwanin da ya ƙera, ta lotse.

Yaron ya ce, "Kai dai Abadon ne. Duk abin da ka taɓa sai ya mutu."

Yaran layi suka ji, suka ɗauka. Har a makaranta aka koma kiran Auta da Abadon. Auta ya daina dariya.

Ana nan sai Kaka ta kwanta ciwo. Da ma Auta ne mai matsa mata ƙafa kullum. Yanzu ko ƙofarta ba ya kusanta.

Kaka ta ture kwanon abinci, ta ce, "Ina mijin nawa? Ko ya sake ni ne ban sani ba?"

Mama ta sami Auta a bayan ƙofar ɗakinsu, ya cusa hannuwansa a hammata.

"Auta, me ya hana ka shiga ɗakin Kaka?"

Ya ce a hankali, "In na taɓa ta za ta mutu. Yaya ya ce ni ne Abadon."

Mama ta kama hannun babban, ta kai shi gaban Kaka.

Yaron ya ce, "Wasa nake yi, Kaka."

"Wasa? Shi ya yi dariya?"

Ya sunkuyar da kai.

Kaka ta ce, "Sunan nan na Halaka ne, ba na ɗan mutum ba. Ka ɗauko shi ka ɗora wa ƙaramin yaro a ka. Kai ka ɗora, kai za ka sauke."

Yaron ya fita ya miƙe motar da dutse. Ya durƙusa gaban ƙanensa da hawaye.

"Auta, ƙarya na yi. Dubi motar, ba ta mutu ba. Ka yafe mini."

Auta ya shigo, amma bai fito da hannuwansa ba.

Kaka ta ce, "Kawo hannun nan, ƙafata ta yi tsami."

Ya taɓa ta da yatsa ɗaya.

"To, na mutu?"

"A'a."

"Sai ka matsa da kyau, malalacin miji."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya.

Washegari yaron ya tsaya gaban abokansa, ya ce shi ya ƙaga sunan, kuma kuskure ne. Wasu sun yi masa dariya, ya haɗiye. A hankali sunan ya ɓace. Kaka ma ta warke.

Yara, suna ba abin jifa ba ne. Kada ku laƙaba wa kowa sunan da zai sa ya ji tsoron kansa.