Mudu na Uku

A wani zamani can baya, an yi wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da babu kamarta a garinsu. Da idanunta suka daina gani, sai jikarta Tasalla ta ce, "Kaka, sana'ar gidan nan ba za ta mutu ina raye ba."

Tsohuwa ta ce, "To, ga gyaɗa mudu uku. Ki soya ta sosai."

Tasalla ta soya mudu na farko, ta yi saurin saukewa. Aka niƙa, aka matsa, mai ya ƙi fita. Tsohuwa ta ce, "Ba ta soyu ba."

Ta soya na biyu, ta yi ta iza wuta har gyaɗa ta yi baƙi. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, "Ta zarce."

"Haba Kaka! Ke fa kika ce sosai!"

"Cewa na yi ta soyu sosai, 'yar nan, ban ce ta ƙone ba."

Saura mudu ɗaya, gobe kuma kasuwa. Tasalla ta share hawaye, ta ci ɗamara. Ta lura tsohuwa ba ta ganin kasko, amma hancinta na can wajen murhu. Sai ita ma ta rage wuta, tana juyawa tana shinshinawa, tana juyawa tana shinshinawa.

Can sai ƙamshi ya tashi, ya cika tsakar gida. Tsohuwa ta zabura ta ce, "Maza, sauke!"

Tasalla ta yi dariya ta ce, "Kaka, ai kasko yana ƙasa."